Awon Kai

Ran Alhamis, ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
mukan haɗu a ɗakin bayan laburaren Dalcahue,
inda murhun itace ke tari kamar tsoho,
tagar da ke kallon teku kuma ba ta rufuwa sai an cusa tsumma.
Mu tara ne. Mata takwas,
sai ni, da hannuwan da gishiri ya gama cinyewa.

Dokar ɗaya ce tak:
abin da ka saƙa, ka baje shi a tebur.

Orfelina ke farawa, kullum ita ce.
Rigar sanyi ta shimfiɗa, fara tas,
ulun tumakinta, ita ta sausaye, ita ta kaɗa,
ta rina bakin hannun da ɓawon albasa.
Muka yi tsit.
Eduvigis ta kawo safa ƙafa ɗaya.
Ɗayar fa? Wai kare ya gada.
Millaray, 'yar shekara goma sha ɗaya,
ta saƙo kaguwa da kwarashi, ƙafa bakwai,
ta ce sauran a yaƙi ta baro su.

Sai ido ya dawo kaina.

Shekara arba'in ina ɗinkin koma,
na san ƙullin da ba ya sakin kifi ko teku ta haukace,
amma tsinkayen nan biyu sun mai da ni ɗan koyo.
Na zaro hular daga aljihu,
shuɗiya, 'yar mitsitsiya,
ta karkace kamar kwalekwalen da ya sha ruwa.

Orfelina ta gyara tabarau, ta ɗaga ta saitin fitila.
"Baldomero, ido ɗaya ya kuɓuce maka.
Ga shi can ƙasa, layi takwas."
Na ce to, a warware, a koma farko.
"Wa ya faɗa maka? Miƙo kwarashi."
Ta bi ramin kamar mai sauka rijiya,
ta kamo zaren da ya gudu,
ta hau da shi, mataki mataki,
har ya tarar da 'yan'uwansa a bakin tsinke.

"Ta wane ce?" in ji Eduvigis, tana tsiyaya shayi.

Ta jikana.
Yana Punta Arenas, watansa bakwai, ban taɓa ganinsa ba.
Ni da uwarsa mun sa zare kan gonar dankalin da na sayar,
na faɗi magana, ta faɗi wadda ta fi ta,
damina uku ke nan.
Wannan ban faɗa musu ba. Garin ƙarami ne, sun sani.

"To da me ka auna kansa?"
Na ce da kabeji.

Dariya ta kece har tsumman taga ya faɗo.
Millaray ta kifa wa butar shayi hular,
ta zauna ɗas, kamar don ita aka yi.
"In dai jikanka buta ne, aiki ya ƙare."

Orfelina ba ta yi dariya ba.
Tana naɗe rigarta, ba ta ko dube ni ba, ta ce:
"Kan jariri ba ya jiran kowa.
Awon yau ba na jibi ba ne.
Akwai mai igiyar awo a can, ai."

Na biyo ta bakin gaɓa.
Jirgin fito na ƙarshe yana tsallakawa da motoci biyu.
Hular na aljihu, da sauran ɗumin buta a jikinta.
Ƙarƙashin fitilar kasuwar kifi na tsaya,
na nemi inda aka gyara,
na juya, na sake juyawa, ban gane wurin ba.

Na zaro waya.
Ruwa ya ɗiɗɗiga a kan gilashin, lambobin suka dushe.
Na goge da hular.